Cherokee Ta 1998 Da Aka Ɗaga: Inda Gurnanin Farfela Yake Fitowa Da Gyaransa Mafi Arha

Motar Jeep Cherokee ce samfurin 1998, ƙirar da ake kira XJ, wadda aka riƙa haɗawa a Toledo ta jihar Ohayo a Amurka daga samfurin 1984 har zuwa na 2001. Injinta mai silinda shida a jere ne, lita 4.0, da giya otomatik AW4. Akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, wato tiransifa, NP231 ne. Aksul ɗin baya Chrysler 8.25 ne mai rabon 3.55. An sa mata sabbin sifirin da suka ɗaga ta inci huɗu da rabi, kusan santimita 11 da rabi ke nan, aka ɗaura mata tayoyi inci 31.

Kafin ɗagawar lafiyarta lau. Bayan ɗagawar, da an taka totur daga tsaye sai ta ɗan yi karkarwa kafin ta miƙe. Tsakanin kilomita 60 zuwa 90 a awa kuma wani gurnani ke tasowa daga ƙarƙashin kujera, madubin tsakiya ya riƙa rawa har motar da ke bayanka ta zama biyu. In an saki totur sautin ya canza, amma ba ya tafiya. Wannan matsala ta zama ruwan dare ga masu ɗaga XJ a Amurka, kuma kuɗin da aka fi ɓarnatarwa a kanta na gyaran da aka yi ne kafin a auna komai: a kai tayoyi balansin, a canza shokzoba, a canza kuros, wato mahaɗi mai siffar gicciye da ke ƙarshen farfela, sau biyu, gurnani na nan daram.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A kwance farfelar baya gaba ɗaya, wato bututun da ke kai juyi daga tiransifa zuwa aksul ɗin baya, a sa tiransifa a 4H, giyar da ke jan tayoyi huɗu, a tuƙa motar da tayoyin gaba kaɗai. NP231 kulle gaba da baya yake yi wuri guda, don haka motar za ta tafi. In gurnanin ya ɓace, an kama ɓarawo. A motocin 1996 zuwa sama mai ba ya zuba in an zare farfela, domin sil ɗin yana kan sandar tiransifar ne. A na 1995 zuwa ƙasa kuwa gwafar farfelar, wato ƙarfe mai kunne biyu da ke riƙe kuros, ita ce ke toshe bakin, da an zare ta mai zai biyo, sai an rufe wurin. Abu guda da ya sha jikkata mutane a ƙarƙashin mota: da zarar farfelar baya ta fita alhali tiransifa na 2H, giyar da ke jan tayoyin baya kaɗai, sa giya a P ba ya riƙe komai. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi gaba da baya da katako kafin a kwance noti na farko.

Jiki ma yana iya bambancewa. Taya inci 31 tana juyawa kusan sau 674 a minti in ana gudun kilomita 100, wato sau 11 a daƙiƙa, kuma wannan girgiza ce da ake ji a sitiyari ko a kujera kamar ana jijjiga mutum. Farfela tana juyawa ninki 3.55 na hakan, kusan sau 2,400 a minti, sau 40 a daƙiƙa. Kuros da ya karkace yana bugawa sau biyu a kowane juyi, ya zama 80. Wannan ba girgiza ba ce kuma, gurnani ne da ke shiga kunne da ƙafa. Akwai kuma wata rawar daban mai ban tsoro, wadda gaban mota ke kaɗawa hagu da dama bayan an faɗa rami har sai an rage gudu sosai. Wannan ta sandunan sitiyari ce da sandar da ke riƙe aksul ɗin gaba a tsakiya, babu ruwan farfela a ciki.

Dalilin bugawa biyun nan shi ne tushen komai. Kuros ɗaya in yana aiki a karkace ba ya miƙa juyi daidai wa daida. Ko da sandar da ke shiga tana juyawa a gudu ɗaya, wadda ke fita sai ta yi sauri, ta yi jinkiri, ta sake sauri, ta sake jinkiri, duk a juyi guda. A karkatar digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar ba, babu mai jinsa. A digiri 10 ya kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari sama da ƙasa. A digiri 15 ya kai uku da rabi. Masu ƙera mota suna kashe wannan da kuros na biyu a ɗaya ƙarshen farfelar: in karkatar biyun iri ɗaya ce, kuma gwafunnin biyu suna layi ɗaya, saurin da na farko ya jawo na biyu ya shanye shi. Sharaɗin shi ne karkatar biyun kada su bambanta da fiye da digiri 1. Ko sun yi daidai ma akwai iyaka, domin bututun farfelar da ke tsakani yana ci gaba da wannan sauri da jinkirin. Jadawalin kamfanin Spicer, masu ƙera kuros ɗin, ya sa iyakar a kusan digiri 7 in farfela na juyi 2,500 a minti, ƙasa da digiri 6 a 3,000, digiri 3 da kwata a 5,000.

To, me ɗagawa ta yi? A farfela mai tsawon inci 30 daga kuros zuwa kuros, kowane inci ɗaya na ɗagawa yana ƙara kusan digiri 2. Inci huɗu da rabi sun ƙara sama da digiri 8. Shi ya sa Wrangler, wata ƙirar Jeep mai guntuwar farfela, take fara kuka tun ɗagawar ba ta yi nisa ba: in tsawon ya koma rabi, digirin kowane inci ya ninka.

Aunawar ba ta buƙatar kayan aiki masu tsada. Ma'aunin karkata mai maganaɗisu ya isa, ko manhajar waya in an dafa gefen wayar da babu maɓalli. Motar ta tsaya a wuri mai shimfiɗe, nauyinta na kan tayoyinta, da kayan da ta saba ɗauka a ciki. Lambobi uku ake nema: gangarar sandar tiransifa, gangarar bututun farfela, da ɗagowar finiyon ɗin aksul, wato sandar giyar da farfela ke juyawa a hancin aksul. A juya farfelar har hular kuros ta dubi ƙasa sak, a ɗora soket a kan hular, a ɗora ma'auni a kan soket ɗin. Kada a auna a jikin aksul inda ƙarfen zubi yake da kaushi, lambar za ta yi ƙarya da digiri ɗaya ko biyu, kuma digiri ɗaya ko biyun nan su ne duk maganar.

A ce an samu tiransifa 4, farfela 16, finiyon 7, irin lambobin da mota mai wannan ɗagawa ke bayarwa. Kuros na sama yana aiki a 16 a debe 4, digiri 12. Na ƙasa yana 16 a debe 7, digiri 9. Laifi biyu ke nan a lokaci guda: dukkansu sun wuce 7, kuma sun bambanta da digiri 3. Finiyon ɗin ya ɗago ne saboda dogayen maratayan sifirin da ke zuwa da kayan ɗagawa suna sauke bayan sifirin, aksul ya ɗan mirgina.

Akwai laifi na uku da ma'auni ba ya nunawa. Farfelar baya ta asali ba ta da wurin miƙewa a jikinta. Gwafarta ta sama ce ke zamewa ciki da waje a kan haƙoran sandar tiransifa. Da aka ɗaga motar gwafar ta zaro waje, haƙoran da ke riƙe da ita suka ragu, kuros ya yi nisa da boris ɗin da ke tallafe da sandar. A motocin 1996 zuwa sama dama can sandar doguwa ce, tana leƙowa waje cikin rigar roba, don haka kamar an rataya nauyi ne a bakin doguwar gora ana juya ta. Wannan ne ya sa su suka fi tsofaffin saurin gurnani. In an ture rigar robar za a ga shaidar: wani sashe na haƙoran yana ƙyalli, wanda a da yake ɓoye cikin gwafa.

Maganin da kowa ke fara kaiwa gare shi, saboda arha, shi ne sauke tiransifa. Ana kwance ƙarfen da ke gicciye a ƙarƙashin giya, a sa tazarar inci ɗaya tsakaninsa da jikin mota, a ɗaure da dogayen notuna. Wurin ɗauri huɗu ne, biyu a kowane gefe, ɗaya noti ɗaya kafaffen ƙarfe mai zare, duka M10 x 1.5. Kafaffun nan biyu sai an cire su, kuma a motar da ta sha gishirin hanyoyin Amurka lokacin sanyi nan ne aikin awa ɗaya ke zama na yini. XJ ba ta da shasi daban da jiki. Notin da ke karɓar zaren an like shi ne da walda a cikin rufaffen ƙarfe, in ya ɓalle yana juyawa a ciki sai an huda bene ko gefen ƙarfen kafin a kai gare shi. A jiƙa da man sassauta tsatsa tun kwana biyu kafin ranar, a gasa kaɗan da wuta, a yi gaba a yi baya a hankali.

Saukewar inci ɗaya tana ƙara wa tiransifa gangarar da ba ta kai digiri 2 ba, tana kuma rage ta farfela da kusan biyu. Lambobinmu sai su koma kusan 5 da rabi, 14, da 7: kuros na sama 8 da rabi, na ƙasa 7. Gurnanin zai ragu, amma yana nan. Ga motar da aka ɗaga inci biyu ko uku wannan kan wadatar. Ga inci huɗu da rabi rage zafi ne kawai, kuma ba kyauta ba. Cikin motar da aka kashe kuɗi don a nisanta da ƙasa ya sauko da inci ɗaya, a daidai wurin da ke fara karo da dutse. Inji ya karkata baya a kan robobinsa, fanka ta canza zama a cikin murfinta, salansa tana jan bakin inji wanda dama a 4.0 an san shi da tsagewa. Sandar sa giyar tiransifa, da yake ƙafarta ɗaya na jikin mota ɗaya na jikin giya, takan fara cijewa ko ta riƙa fitar da 4L, ƙaramar giyar tayoyi huɗu. Farfelar gaba kuma ta ƙara karkata, domin abin da ya sauka a baya ɗagawa ya yi a fuskar gaba. A ajiye wannan a matsayin na wucin gadi kafin kuɗi su samu.

Akwai dabaru biyu da ba a so ko kusa. Ɗaya ita ce a like gwafar da walda a kan sandar tiransifa: zafi ya ƙone sil, ƙarfen ya yi rauni, kuma ranar da za a buɗe akwatin sai an yanka. Ta biyu a yanka bututun farfela a ƙara masa guntun bututu da ido. Farfelar da ke juyi 2,400 a minti ba ta yafe gocewar ko da milimita ɗaya. In ba a kan injin sassaƙa ƙarfe aka daidaita ta aka kuma yi mata balansin ba, an canza gurnanin 80 ne da girgizar 40.

Gyaran gaskiya shi ne a raba tiransifa da aikin zamewa. A kafa gwafa a bakinsa, a sa farfela mai wurin miƙewa a jikinta da tagwayen kuros a sama. Tagwayen nan kuros biyu ne a gida ɗaya, da wata ƙwallo a tsakiya da ke raba karkatar gida biyu daidai, don haka suna kashe bugun junansu a nan take. Hanya biyu ake bi a kai ga wannan.

Ta farko ita ce cikakkun kayan da ake kira SYE (slip yoke eliminator), wato masu kawar da gwafa mai zamewa. Ana buɗe tiransifa a canza babbar sandarsa da guntuwa mai kauri, mai haƙora 32 a maimakon 27 na asali, da sabon murfin baya. Ta fi ƙarfi, ta fi rage tsawon akwatin, ta kuma fi tsada. Ta biyu ita ce wadda Amurkawa ke ce wa hack-n-tap, wato yanka da huda: a gajarta sandar da ke nan, a huda tsakiyarta, a yanka zare, a ɗaure gwafa da noti ɗaya. Kayanta gwafa ce da noti da washa. Ga motar 1998 mai taya 31, wadda sil ɗinta ke kan sanda ba kan gwafa ba, wannan ta isa, kuma ba a buɗe akwatin ko kaɗan. Ita ce ma hanyar da aka fi bi ga masu NP242, wani nau'in tiransifa na XJ. Wajen saye a zaɓi mai gwafa irin ta kuros mai lambar girma 1310, ba mai faifai ba, domin farfelar da za a yi magana a kanta ta ɗauru kai tsaye.

Ga yadda aikin yake. A cire farfela da rigar roba, a wanke haƙoran tas. A zura sabuwar gwafar a ga inda take tsayawa, a bi awon da ya zo da kayan. Abin da ake bari na haƙora yana kusa da inci ɗaya zuwa ɗaya da kwata. A naɗe salatif a layin yankan. In ana shakka a yanka da tsawo, tunda ana iya ragewa ba a iya mayarwa. A naɗe tsumma mai ruwa kusa da sil saboda zafin faifan yanka. Yankan dole ya zama a miƙe, domin a wannan fuskar ɗaurin zai zauna. In ta karkace gwafar za ta riƙa lilo. Wasu suna tayar da inji su bar sandar na juyawa a hankali yayin da suke riƙe da injin yanka, kuma gaskiya yankan yana fitowa da kyau. Amma mutum yana kwance ne a ƙarƙashin mota mai kunne, kusa da ƙarfe mai juyi. Wanda zai yi haka ya cire farfelar gaba ma, ya sa wani a kujerar direba ƙafarsa na kan birki, ya kuma tuɓe duk wata riga mai faɗin hannu. Bayan yankan a gurje bakin haƙoran da zarto har gwafa ta shiga da hannu.

Hudar ita ce inda ake cin nasara ko a yi asara. Fatar sandar ce aka ƙarfafa, cikinta ya fi laushi, don haka tana huduwa. Matsalar ita ce samun tsakiya da tafiya a miƙe. Wasu kayan suna zuwa da wani ƙarfe mai rami da ake sawa a cikin gwafa ya jagoranci bakin diril, kuma ya cancanci ɗan kuɗinsa. Mai injin sassaƙa ƙarfe ma zai iya yin irinsa cikin ƙanƙanin lokaci. A fara da ƙaramin baki na inci 1/8, a hankali, da mai, sannan a faɗaɗa. In notin 3/8-16 ne, baki na ƙarshe 5/16 ne. In 3/8-24 ne, 21/64. Zurfin ramin ya wuce tsawon notin, in ba haka ba notin zai taɓa ƙasa ya yi kamar ya ɗauru alhali gwafar na kwance. Zaren kuma da hannu ake yanka shi, inji a kashe: rabin juyi gaba, kwata baya don a karya ɓarɓashi, a fito da shi lokaci lokaci a hure ramin. Ƙarfen yanka zare yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake. In ya karye a ciki, diril ba ya cinsa, kuma galibi ƙarshen maganar sayen wata sandar ne, wato an koma ga buɗe akwatin da aka guje wa. A wanke ramin da abin da ke cire maiƙo, a sa jan gam na kulle zare, a ɗaure.

Wanda sarƙar tiransifarsa ta riga ta saki tana tsalle in an matsa mata, ko mai niyyar sa taya 33 zuwa sama da makullin aksul, gara ya tafi kai tsaye ga SYE tunda buɗewar ta zama dole. Kurakuran wannan aikin sanannu ne. Bututun da famfon mai ke zuƙa da shi yana da ƙaramin zoben roba, yakan zame lokacin haɗa ɓangarorin akwatin biyu, a rufe ba a sani ba, akwati ya yi ta aiki babu mai a sama. Kunnuwan famfon suna zama ne a wajen murfin baya. Zobban kulle suna son filaya mai faffaɗan baki, mai tsini zamewa take. A tsofaffin akwatuna akwai boris masu allurai a cikin faifan sarƙa da sai an fitar da su kafin ya hau sabuwar sanda. Gidan giyar agogon gudu a yi masa alama kafin a cire, domin juyinsa ne ke sa haƙora su kama. Silikon kuma siriri ake shafawa. Wanda ya yi yawa matsewa yake ya faɗa ciki ya toshe rariyar famfo. Man akwatin irin na giya otomatik ne, lita ɗaya da ɗan kai, ana zubawa har ya fara dawowa ta ramin cikawa. A fara kwance notin cikawa kafin na zubarwa, kada a wayi gari da akwati babu mai kuma babu hanyar zuba masa.

Inda arhar take da gaske ita ce farfela. Farfelar gaba ta XJ dama mai tagwayen kuros ce, mai wurin miƙewa a jiki, da kuros 1310, kuma tsawonta yakan yi daidai da bayan motar da aka yi wa wannan gyara. Ana samunta a wurin masu sayar da kayan rusassun motoci a kan ɗan abin da bai kai na sabuwar da aka ƙera musamman ba. Ta mota mai otomatik ta fi ta mai giyar hannu tsawo. Hancin Chrysler 8.25 kuma ya fi na Dana 35, wani aksul ɗin baya da ke zuwa a XJ, tsawo da kusan inci ɗaya, don haka farfelar da ta zauna a wata motar tana iya gazawa a wata. A auna daga gwafa zuwa gwafa motar na tsaye a kan tayoyinta, a je da awon da tef a aljihu. Ana son wurin miƙewar ya zauna kusa da tsakiyar tafiyarsa.

A wurin saye a riƙe bututun a girgiza wurin miƙewa. In yana ƙwas ƙwas gefe da gefe a bar ta. A duba lotsawa a jikin bututu da gurbin ƙaramin ƙarfen balansin da ya ɓalle. A lanƙwasa tagwayen ta kowace fuska, su tafi sumul babu inda suke cijewa ko faɗawa. Ƙwallon tsakiyar nan in ta bushe tana kuka kamar tsuntsaye in ana tafiya a hankali, kuma in ta fashe a kan gudu tana iya fasa jikin tiransifa, wanda na alminiyam ne. Kuros uku ne a jiki, a canza su duka tun tana ƙasa; Spicer 5-153X shi ne mai bakin giris na wannan girman. Kafin a wargaza a ja layi da fenti daga wannan ƙarshe zuwa wancan, komai ya koma yadda yake. In allura ɗaya ta kwanta a gindin hula lokacin matsawa, zoben kulle ba zai shiga ba. Kada a buga da guduma, a fito da hular a tayar da ita.

Yanzu dokar kusurwa ta canza, kuma nan ne da yawa ke ɓata aikin da suka gama. Tunda tagwayen sun kashe nasu bugun, kuros ɗaya da ya rage a ƙasa ba shi da abokin da zai kashe masa, don haka dole ya yi aiki kusan a miƙe. Finiyon zai kalli tiransifa, a layi ɗaya da farfela, amma a bar shi ƙasa da layin da digiri 1 zuwa 2. Dalili kuwa, in an taka totur aksul yana murɗa sifirin masu ganye, hancinsa ya ɗaga sama, ya cike wannan tazarar.

In an sauke tiransifa a baya, a cire tazarar a mayar da shi mazauninsa kafin a auna. A ce yanzu farfela, da yake ta fi ta asali tsawo, ta ba da 14 da rabi, finiyon na nan a 7. Tazara 7 da rabi. Lissafin gaggawa zai ce a sa weji, wato ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya da ake sawa tsakanin sifirin da aksul, mai digiri 6 a bar ɗaya da rabi. Kuskure ne. Finiyon in ya mirgina sama bakinsa ma yana tashi, farfelar ta rage gangara. In daga tsakiyar aksul zuwa kuros inci 11 ne, weji mai digiri 6 zai ɗaga bakin da fiye da inci ɗaya, farfela ta koma 12 da ɗan kai, finiyon ya zama 13: ya haye layin tun ba a taka totur ba. Mai digiri 4 zai kai finiyon 11, farfela 13, tazara 2. Shi ake so. Tagwayen kuma suna ɗauke da 13 a debe 4, digiri 9, kowanne huɗu da rabi, ƙasa da iyakar nan ta 7 sosai.

Wejin ya zama na ƙarfe, faɗin inci biyu da rabi kamar ganyen sifirin. Na alminiyam ɗin zubi yana murƙushewa a ƙarƙashin ɗauri, notuna su saki, aksul ya fara yawo. A XJ sifirin yana saman aksul ne, don haka ɓangare mai kauri yana kallon baya. A matse ganyayen da maɗauri biyu kafin a kwance ƙusar tsakiya, a sa sabuwa mai tsawo da za ta ratsa wejin ta haɗe shi da sifirin, kanta ya leƙo isasshe ya shiga ramin mazaunin aksul. In kan bai shiga ba, babu abin da ke hana aksul zamewa sai matsi. Ƙarafan ɗauri masu siffar U sababbi ake sawa, tsofaffin sun riga sun miƙe, a ɗaure su a gicciye kaɗan kaɗan. Ƙananan notunan da ke riƙe kuros a gwafar finiyon ba sa son ƙarfi, 19 Nm ne, huɗun da ke sama a tagwaye 27 Nm.

Kafin a hau titi a ɗaga motar ta jikinta har tayoyin baya su rataya, a juya farfela da hannu. In akwai inda take cijewa, ko wurin miƙewa ya kusa rabuwa, a nan za a gani ba a cikin kwazazzabo ba. A kan titi kuma sauraro ya isa ya nuna inda aka kwana: gurnani in an taka totur yana nufin finiyon ya yi sama da yawa, in an saki totur ne yake fitowa to ya yi ƙasa. Tunda hancin aksul ya ɗago, boris ɗin gaba na finiyon ya yi nisa da mai. A cika man aksul motar na fuskantar gangara, ya ɗan fi na da yawa.

Masu Hilux da Land Cruiser ba su da aikin yankan nan, domin tiransifarsu faifai ne kafaffe kuma miƙewar na jikin farfela tun daga masana'anta. Dokar digirin dai ɗaya ce. A Hilux mai ƙofa huɗu, wadda farfelarta gida biyu ce da boris a tsakiya, abin da ake yi bayan ɗagawa shi ne a sauke boris ɗin tsakiyar da 'yan milimitoci har karkarwar tashi ta lafa.

In bayan duk wannan akwai sauran ɗan gurnani a gudu mai yawa, a juya gwajin farko: a cire farfelar gaba a tuƙa a 2H. A XJ ta waɗannan shekarun farfelar gaba tana juyawa koyaushe, ko ba a sa giyar gaba ba, domin tayoyin ne ke jan ta. A gaba kuwa ba a iya mirgina finiyon yadda aka ga dama, duk digirin da aka ƙara masa an ɗebe shi ne daga karkatar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Motar 1998 tana da sa'a a nan, finiyon ɗin aksul ɗinta na gaba, Dana 30, a sama yake shiga. Na 2000 da 2001 a ƙasa yake, su ne suka fi wahalar sasantawa. Bayan tafiyar kilomita ɗari ta farko a sake bin ƙarafan U da sifana, a taɓa notin tsakiyar gwafa a ji ko yana nan yadda aka bar shi, a kuma sake auna lambobin uku bayan wata biyu, domin sabbin sifirin suna zama, kuma rabin inci da suka sauka ya isa ya motsa farfela da digiri ɗaya.